Gayyar Zana Duniya: Daga Rairayin Sakkwato Zuwa Allon Waya

A watan Maris na shekarar 1824 wani baƙo ya sauka a Sakkwato bayan doguwar tafiya daga Tarabulus, ta Barno da Kano. Sunansa Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya, amma a hanya da Abdullahi ake kiransa. Tambaya ɗaya ce ke cin ransa, ita ce kuma ta daɗe tana hana masanan Turai barci: ina kogin Kwara yake zuwa? Sun san daga yamma ya taso, sun san ya ratsa ta kusa da Tambutu, daga nan sai labari ya yanke musu. Wasu suka ce a tafkin Chadi yake ƙarewa, wasu suka ce da Nilu yake haɗewa, wasu kuwa suka ce rairayin hamada ke shanye shi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi baƙon hannu bibbiyu. Shi kansa ma'abocin bincike ne, domin tun a 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri, inda ya yi bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu. Rannan suna zaune hira ta gangaro kan kogin, sai Sarkin ya zana wa baƙon tafiyarsa a ƙasa, ya nuna masa cewa a teku yake zuba. Duk wanda ya taɓa tambayar dattijo hanya a ƙauye ya san irin wannan zane: a share ƙasa da tafin hannu, a ja layi da tsinke, a dangwala yatsa a ce nan rijiya ce, nan gindin kuka, in ka kai nan sai ka yi gabas. Da Clapperton zai koma ya tafi da wata taswirar ta takarda mai rubutun Larabci, aka kuwa buga ta a Landan a 1826. Sai dai a ta takardar kogin bai nufi teku ba, an karkata shi gabas zuwa Nilun Masar. Tafiyar da baƙon ya so yi zuwa Yawuri da Nufe don ya gane wa idonsa ita ma ba ta yiwu ba. Masana tarihi da dama na ganin da gangan aka yi haka, wato Bello ya hango abin da zai biyo baya in jiragen Turawa suka gane ƙofar kogin. Shekara shida bayan ziyarar Clapperton, a 1830, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi ruwan cikin kwalekwale daga Busa har bakin teku.

Takardar nan tana ɗauke da darasi biyu. Na farko, ba mai iya zana duniya shi kaɗai. Bello bai taka kowane gari da ke cikin taswirarsa ba, daga bakin fatake da alhazai da manzanni ya tattara. Aikin gayya ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, wanda ya san hanyar gidanka ya san ta inda zai shigo maka. Tarihin haɗin kan ƙasashe a kan taswira, daga farkonsa har yau, ja-in-ja ne tsakanin buƙatar a tara sani wuri guda da tsoron abin da za a yi da shi in an tara.

Malami Musulmi a fadar sarki Kirista

Gayyar ta girmi Bello da ƙarnoni. A Iskandariya, cikin ƙarni na 2 na miladiyya, Batlamiyus ya jera wurare kusan 8,000, kowanne da lambobin da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun a ƙarni na 9, malamai suka ɗauki aikinsa suka bi shi da gyara, har aka tura masana fili su auna tsawon digiri ɗaya da igiya da kallon taurari.

Wanda ya fi kowa nuna yadda ake wannan gayya shi ne Sharif Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko. Sarkin Sisili, Roger na Biyu, Kirista ne, amma da ya so a zana masa duniya sai ya kira malami Musulmi fadarsa a Palermo. Kimanin shekara 15 suka yi suna abu ɗaya. Duk matuƙin jirgi ko ɗan kasuwar da ya sauka, sai a zaunar da shi a yi masa tambayoyi, a kira wani a sake yi masa irinsu. Abin da bakuna suka haɗu a kai a rubuta, abin da suka saɓa a ajiye shi gefe. A 1154 aka gama littafin, da fallayen taswira 70. Wanda ya saba da taswirar bangon makaranta zai ce an kife ta, don kudu ne a sama, Afirka na bisa Turai. A ciki akwai Gana ta dā, da Gao, da garuruwan Kanem, wuraren da Idrisi bai taɓa takawa ba. Da ƙafar wasu ya je.

Shekara ɗari bakwai bayansa hanyar ba ta sauya ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ake ce wa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ban da abin da ya gani, ya cika littattafansa da abin da ya ji daga madugai da mahajjata: daga wane zango zuwa wane, kwana nawa ne, ina ake samun ruwa, ina ake biyan fito. August Petermann ya mai da wannan kwatance taswira a Turai. Sunan Barth da na Petermann duniya ta riƙe.

Layin da ya haɗa, da layin da ya raba

Kowane mai sauraren rediyo ya san agogon GMT. Harafin farko na nufin Greenwich, wata unguwa a Landan mai ɗakin duban taurari da aka kafa a 1675. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kowace babbar ƙasa daga ƙofar gidanta take fara ƙirga gabas da yamma, Faransa daga birnin Faris, Rasha daga Pulkovo, Amurka daga Washinton. Sai ka ga dutse ɗaya a cikin teku yana da lamba uku a taswira uku. Da jiragen ƙasa da wayar tangaraho suka matso da nesa kusa, wannan rikici ya wuce a yi masa shiru.

A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka zauna a Washinton. Daga Afirka Laberiya ce kaɗai ta samu kujera. Aka kaɗa ƙuri'a, 22 suka zaɓi Greenwich, saboda galibin jiragen ruwan duniya da taswirorinta suke tafiya. San Domingo ta ƙi, Faransa da Burazil suka ƙaurace. Faransa ba ta sauka daga agogon Faris ba sai a 1911. Layin da aka amince da shi ya gangaro ta Aljeriya, Mali, Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Da shi ake lissafin da ya sa agogon Nijeriya da Nijar ke gaban na Gana da awa ɗaya.

Wata guda bayan wannan zama aka buɗe wani a Barlin, inda Turawa suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka. Iyakokin kansu daga baya aka ja su, ƙasa da ƙasa. A 1890 Ingila da Faransa suka yarda da layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, suka kafa tsini a kan Sakkwato a takarda suka zagaya mil 100, kamar magini mai fitar da harsashin ɗaki da turke da igiya. A lokacin Sakkwato ba ta ma faɗa hannunsu ba, sai a 1903. Faransawa suka koka cewa an bar su da hanyar da ba ruwa tsakanin Kwara da Damagaram, aka sake tura layin kudu a 1904. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa alamun iyaka. Da ta gama, Katsina na gefe guda Maraɗi na ɗaya gefen, Daura nan Damagaram can. Shi ma wannan haɗin kan ƙasashe ne, an yi shi da ƙwarewa da ladabi tsakanin 'yan safiyon ɓangarorin biyu. Gayya ce aka kira a gonar mutum ba da saninsa ba.

Taswirar miliyan

A 1891, a taron masana labarin ƙasa na duniya karo na biyar a birnin Bern na Suwizalan, wani farfesa Bajamushe, Albrecht Penck, ya kawo shawarar da ta ɗauki hankalin kowa. Ya ce zamanin gano sababbin ƙasashe ya kusa ƙarewa, abin da ya rage shi ne a zana duniya duka da ma'auni ɗaya da alamomi iri ɗaya, ta yadda in ka ajiye fallen Indiya kusa da na Burazil za ka iya gwada su ba tare da tafinta ba. Ma'aunin da ya zaɓa shi ne ɗaya bisa miliyan, wato santimita ɗaya a takarda kilomita 10 ne a ƙasa. A wannan lissafi tsakanin Kano da Katsina bai cika taƙi guda ba.

Shekara 18 aka kwashe ana gardama kafin a zauna a Landan a 1909. Nan aka yi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: Faransawa suka karɓi layin Greenwich, Ingilishi suka karɓi awon tsawon duwatsu da mita. Aka yanka duniya gida-gida, kowane falle digiri 4 daga kudu zuwa arewa, digiri 6 daga yamma zuwa gabas, jimilla kusan fallaye 2,500, kowanne da harufansa da lambarsa. A wannan tsari Katsina da Maraɗi da Daura da Damagaram duk a falle ɗaya suka faɗo, mai lamba ND-32. Zariya da Kaduna na cikin NC-32, Kano kuwa tana zaune daidai kan layin digiri 12, a ɗinkin fallayen biyu. Raga ta lissafi ba ta san iyakar mulkin mallaka ba.

Aka sake taro a Faris a 1913, aka ajiye babban ofishin aikin a hukumar safiyo ta Birtaniya da ke Southampton. Shekara na zagayowa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, waɗanda jiya suke musayar taswira suka koma kulle ta a akwati. A yaƙi na biyu, a 1940, bama-baman Jamus suka faɗa kan ofishin na Southampton. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin a 1953, ta kira taro a Bonn a 1962 don sabunta ƙa'idoji, amma jiki ya riga ya yi sanyi. Kowace ƙasa ita za ta zana yankinta da kuɗinta, wasu ba su da kuɗin, wasu suna da shi amma ba sa son maƙwabci ya san kwarinsu da tudunsu. Masu jiragen sama kuma suka fito da tasu taswirar a ma'auni iri ɗaya, ta fi samun kasuwa. Zuwa shekarun 1980 aikin ya mutu a tsaye, ba a buga ko rabin fallayen ba. Abin da ya bari gado shi ne ragar da lambobinta, waɗanda hukumomin safiyo da yawa ke aiki da su har gobe.

Ƙungiyar masu sana'a

Tun kafin wancan aiki ya gama shiɗewa wasu suka gane cewa haɗa gwamnatoci a kan takarda ɗaya ya fi wuya bisa haɗa masu sana'ar a ɗaki ɗaya. Carl Mannerfelt, wani ƙwararre a wata maɗaba'a ta ƙasar Suwidin, ya gayyaci takwarorinsa na ƙasashe daban-daban a 1956 su tattauna sababbin dabarun zane da bugu. Daga wannan zama aka haifi Ƙungiyar Masana Taswira ta Duniya, wadda aka fi sani da ICA, ranar 9 ga Yuni 1959, a birnin Bern, inda Penck ya yi jawabinsa shekara 68 da suka wuce. Ƙasashe 13 suka kafa ta. Shugabanta na farko Eduard Imhof ne, mutumin Suwizalan da ya shahara wajen zana duwatsu da inuwarsu har ka ce za ka iya shafa su.

Ƙungiyar ba ta ce za ta zana duniya ba. Ta tsaya kan daidaita harshe da horo. A 1973 ta fitar da ƙamus na kalmomin sana'ar cikin harsuna da dama, don abin da Bafaranshe ke nufi ya zama shi Barashe ya fahimta. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, lokacin da taswira ke cikin manyan asirin soja, Konstantin Salichtchev na Tarayyar Sobiyat ya shugabance ta daga 1968, ya miƙa wa Arthur Robinson na Amurka a 1972, aka kuma yi babban taronta a Mosko a 1976. Taron da take yi duk shekara biyu ya zo Durban a 2003, ya dawo Afirka ta Kudu a Cape Town a 2023. A nahiyarmu ma an yi irin wannan yunƙuri: a 1972 aka buɗe cibiyar horar da masu safiyo ta sama a Ile-Ife, ƙarƙashin hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana koyarwa da Turanci da Faransanci don ɗaliban ƙasashen yankin.

Da alƙalami ya koma hannun kowa

Har zuwa nan masu riƙe da alƙalami 'yan kaɗan ne: sarakuna, sojoji, hukumomi, farfesoshi. Abu uku suka kwance wannan ƙulli cikin shekara goma sha biyu. Intanet ta fara ɗaukar taswira a 1993, MapQuest ya fito a 1996. A watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon taurarin GPS da gangan, kuskuren na'urar farar hula ya sauko daga kusan mita 100 zuwa kimanin mita 10. Sannan a 2005 Google Maps da Google Earth suka bayyana, mutum ya zauna a ɗakinsa yana leƙen rufin gidansu daga sama.

Ana cikin haka, a 2004, wani matashi a Ingila, Steve Coast, ya gaji da yadda bayanan taswirar ƙasarsa ke da tsada da ƙa'idoji, alhali hukumar gwamnati ce ta tara su. Hukumar kuwa ita ce dai wadda ta taɓa riƙe ofishin taswirar miliyan. Ya buɗe OpenStreetMap, taswirar da kowa zai iya ƙara wa layi, kowa kuma zai iya ɗauka kyauta. Da farko masu kekuna ne ke yawo da na'urar GPS a aljihu, ana yi musu kallon marasa aikin yi.

Ranar 12 ga Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rusa Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Masu ceto suka iso ba su da taswirar kirki. Kamfanonin taurarin ɗan'adam suka saki sababbin hotuna, ɗaruruwan 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka duƙufa a gaban kwamfuta, cikin 'yan kwanaki tituna da asibitoci da sansanonin waɗanda suka rasa muhalli suka bayyana. Abin da taron gwamnatoci ya kasa cikin shekara saba'in, ga shi mutanen da ba su san juna ba suna yin irinsa a birni guda cikin mako. Aka maimaita a 2014 lokacin annobar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo. A shekarar ne ƙungiyoyin Red Cross na Amurka da Birtaniya, da likitocin MSF, da reshen agaji na OpenStreetMap suka kafa Missing Maps, don a zana wuraren da ba su cikin taswira tun bala'i bai zo ba.

Aikin kansa ba shi da wani tsafi. Ana yanka yanki gida-gida kamar dara, ɗaliba a Kanada ko Kampala ta ɗauki gida ɗaya, hoton sama ya buɗe mata. Ta ga rufi, ta dangwala kusurwa huɗu, ta rubuta cewa gini ne. Ta ga farin zare ya ratsa gonaki, ta bi shi, ta ce hanya ce. Wani gogagge ya zo ya duba aikinta kafin a amince. Amma daga sama ba a ganin suna. Ba ta san ginin nan masallaci ne ko rumbun taki ba, ba ta san hanyar nan da damina rafi ce ba. Soron ƙasa ma sau da yawa sajewa yake da ƙasar da ke kewaye da shi. Dole a koma wa mai ɗaki, shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙauyen da ba ya cikin takarda

Arewacin Nijeriya ya ga amfanin wannan a aikace. A 2012 yara 223 ƙwayar shan inna ta daji ta kama a duk duniya, 122 daga cikinsu a Nijeriya. Cikin dalilan har da wanda ba a cika faɗa ba. Masu ɗigon rigakafi da taswirar hannu suke fita, wadda aka zana da biro bisa abin da aka tuna. Ruga ko tungar da ta faɗo tsakanin mazaɓa biyu, wannan tawaga ta ɗauka ta waccan ce, waccan ta ɗauka ta wannan ce, sai a shekara ba wanda ya leƙa ta.

Daga wannan shekara gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya da Gidauniyar Gates da ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano suka shiga zana matsugunan jihohin Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam. Hoto ya nuna rufi, ma'aikata suka bi ƙasa suna tambayar dagatai da masu unguwanni sunan kowane wuri. Aka riƙa sa wa tawagogi waya mai GPS a jaka, da yamma a ɗora sawunsu kan taswira, inda ba a taka ba ya fito fili, washegari a koma. Taswira ba ita kaɗai ta yi aikin ba, akwai sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida cikin rana. Amma ita ta nuna musu ƙofofin da ake tsallakewa. An ga kamu na ƙarshe a Barno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ƙwayar ta daji.

Tsoron Bello bai tafi ko'ina ba. Wayar da ke nuna maka hanya tana kuma gaya wa kamfani inda ka kwana, hoton da ya kai wa yaro rigakafi zai iya kai wa mugu labari. Bambancin shi ne yau ɓoyewa ta gagara, tauraro ya riga ya ga rufin kowa. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne su iya karanta abin da aka zana a kansu, su gyara shi in an yi kuskure.

Rabon yara

Shi ya sa zancen ya gangaro kan yara. Tun cikin shekarun 1760 wani mai sassaƙa taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna ta a kan katako ya yayyanka bisa iyakokin ƙasashe, don yara su harhaɗa suna wasa suna koyo. Amma wadda ta mai da tambayar ilimi ita ce Barbara Petchenik, Ba'amurkiya, ɗalibar Arthur Robinson. Tana aikin taswirorin wani kundin sani na yara a Chicago ta riƙa zama da yaran kansu tana duba abin da suka fahimta. Ta ga cewa alamar da babba ke ɗauka a sarari take, yaro na iya yi mata wata fassara dabam, don haka mai zane ya fara sanin mai karatu kafin ya ɗauki alƙalami. A 1991 ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaban ICA, ta rasu a 1992.

A 1993 ƙungiyar ta buɗe gasar zanen taswirar duniya ta yara da sunanta. Duk shekara biyu ake yi, ga 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, an kasa su rukuni huɗu: ƙasa da 6, sai 6 zuwa 8, sai 9 zuwa 12, sai 13 zuwa 15. Kowace ƙasa ta yi tata gasar ta tura zaɓaɓɓu, a baje su a babban taro, ƙwararrun da suka tsufa a sana'ar su tsaya suna kallo. Ana adana zanen a ɗakin karatu na Jami'ar Carleton da ke Ottawa. Yara sukan zana duniya a siffar 'ya'yan itace, ko fuskar mutum, ko ƙwallo a tafin hannu, galibi kuma ƙasarsu ce a tsakiya, kamar dai yadda manya suka saba yi tun fil azal.

Na taɓa zama a bayan wani ajin firamare, malama ta ce kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta. Wata yarinya ta kawo tata. Teburin mai ƙosai ya fi masallacin unguwa girma, akwai wani gida da ta zagaye da jan biro, hanyar kuma ta yi wata irin lanƙwasa a gabansa. Malama ta ce, "Ke, me ya sa kika karkace nan?" Ta ce, "Malama, kare ne a gidan." Ba ma'auni a zanen, ba alamar arewa, amma ta yi abin da kowane mai taswira ke yi: ta zaɓi abin da za ta sa, ta girmama abin da ya dame ta, ta bar sauran.

Yaron da ya gane haka daga zanen hannunsa ba za a ruɗe shi da na wani ba. In ya ga taswirar Mercator, wadda aka yi a 1569 don matuƙan jirgin ruwa, Girinlan ta yi kusan kai ɗaya da Afirka, zai tambaya, a gaya masa Afirka ta ninka ta sau 14. A ba shi ɓawon lemo ya gwada shimfiɗa shi a tebur ba tare da ya yage ba, nan take zai fahimci cewa duk taswirar da ke kwance a takarda ta matse wani wuri ta ja wani. In ya buɗe waya ya ga an rubuta sunan garinsu a karkace, ko an bar unguwarsu fari fat kamar ba kowa, zai san cewa mutum ne ya rubuta, mutum kuma ke gyarawa.

Madugan da suka ba Barth hanyoyin wannan yanki sun ba da sani, wani ya sa hannu. Mutanen Maraɗi da Katsina an ja layi a tsakaninsu ba a tambaye su ba. A wannan karon ƙofar gayyar a buɗe take, kuma abin da ake nema shi ne abin da muka fi kowa sani: sunan rafi, sunan tsohuwar kasuwa, inda burtali ya bi, wace hanya ce ke yankewa in ruwa ya sauka. Koyar da wannan ba ya jiran kwamfuta. Malami na iya fita da ajinsa gindin bishiya, ya share ƙasa da tafin hannu, ya miƙa wa yaro tsinke ya ce masa, "To, nuna mana gidanku."